Hannun da ya koya a Zinder shi ke ceton rai a Gidimuni

Idan dare ya raba aka kawo yaro da zazzaɓin cizon sauro, ko manomin rake da ya sare ƙafa da adda a lambunan bakin tafkin Gidimuni, wanda ake bugawa ƙofa shi ne malamin asibiti na CSI. Babban asibitin ƙasa na Zinder kuwa sai an yi tafiya a mota.

To ina ya koyi aikin? Ɗaliban makarantar kiwon lafiya ta ENSP da ke Zinder, da na makarantu masu zaman kansu, ba a aji kaɗai suke karatu ba. Ana tura su istaj ɗakunan majinyata, ƙarƙashin idon manyansu. Can suke koyon auna zafin jiki da hawan jini, neman jijiya don ƙarin ruwa, wanke rauni da ɗinke shi, da kula da wanda aka yi wa fiɗa. Jijiyar jaririn da gudawa ta tsotse ba a gane ta a littafi.

Tun 2006 da gwamnati ta ce a duba yara 'yan ƙasa da shekara 5 kyauta, iyaye suka ƙara tururuwa asibitocin karkara. Amma inda ɗalibai suka yi wa gado ɗaya cincirindo, wasu kallo kawai suke yi.

Saboda haka jama'a, in ɗalibi ya zo duba ku tare da malaminsa, ku yi haƙuri ku ba shi hannu. Gobe shi za a turo garinku.