Barrie Robran: gwanin ƙwallon Ostireliya da ya ƙi barin gasar jiharsa

A watan Oktoban 1972 ƙungiyar Carlton ta sauka a birnin Adelaide tana taƙama da kofin gasar jihar Biktoriya, wanda ta ɗauka bayan ta zuba wa Richmond maki 177 a wasan ƙarshe. Ta zo ne domin wata gajeriyar gasa da ake haɗa zakarun jihohin Ostireliya a cikinta, kuma mutane kaɗan ne suke tsammanin za ta koma Melbourne hannu rabbana. A wasan ƙarshe ta gamu da North Adelaide, zakarar jihar Kudancin Ostireliya, aka tashi 73 da 72, Carlton ce a ƙasa. Mutumin da ya fi kowa wahalar da ita a ranar shi ne mai riga lamba 10, Barrie Robran, ɗan shekara 25. Har yau ana ba da labarin cewa Alex Jesaulenko, tauraron Carlton, ya tsaya ana tsakiyar wasa ya tafa masa saboda wata bajinta da ya yi a gabansa.

Wasan da ake magana a kai ba ƙwallon ƙafar da aka saba gani ba ne, ba kuma zari-ruga ba ne, ko da yake ƙwallonsa mai siffar ƙwai ce. 'Yan wasa 18 ne a kowane ɓangare, a makeken fili shi ma mai siffar ƙwai, da dogayen turaku huɗu a kowane ƙarshe. Wanda ya buga ƙwallo da ƙafa ta wuce tsakanin turaku biyu na tsakiya ya ci maki shida, in ta bi ta gefe kuwa maki ɗaya. Ana riƙe ƙwallo a hannu a yi gudu da ita, amma ba a jefa wa abokin wasa, sai dai a naushe ta da dunƙulallen hannu. Abin da ya fi tayar da 'yan kallo tsaye shi ne cafke ƙwallo a sama, inda ɗan wasa kan taka kafaɗar wani ya ɗaga ya kamo ta, alƙalin wasa ya ba shi damar bugu ba mai tare shi.

A zamanin Robran babu gasar ƙasa baki ɗaya. Kowace jiha tana da tata, da jaridunta da gwarazanta. Ta Kudancin Ostireliya, wadda ake kira SANFL, an kafa ta tun 1877. Ta Biktoriya kuwa, VFL, ita ce mai kuɗi da yawan 'yan kallo, kuma Melbourne ce inda ake ganin duk mai ji da kansa dole ya je ya gwada ƙwanjinsa. Yawancin 'yan wasan jihohi ma'aikata ne da ke zuwa atisaye bayan tashi daga aiki, su buga wasa ranar Asabar. Saboda haka wakilan ƙungiyoyin Melbourne ba sa shan wahala wajen zawarcin matashin da ya yi fice a Adelaide ko Perth.

An haifi Robran a 1947 a Whyalla, garin ƙarafa da ke bakin gaɓa, inda ake ƙera jiragen ruwa a wancan lokaci, tafiyar sa'o'i daga Adelaide. A ƙungiyar North Whyalla ya taso, ya koma North Adelaide a 1967, ƙungiyar da ake wa laƙabi da Zakaru, mai jar riga da fari, wadda filinta ke unguwar Prospect. Tun kakarsa ta farko ya karɓi kyautar gwarzon ƙungiya, kuma bai sake ta ba shekara bakwai a jere, har 1973.

Babbar kyautar gasar ita ce lambar Magarey, wadda ake bayarwa tun 1898 ga ɗan wasan da ya haɗa ƙwarewa da tsabtar wasa. Alƙalan wasa ne ke jefa ƙuri'a bayan kowane wasa, wanda aka dakatar saboda laifi a kakar kuwa ba ya cikin lissafi. Robran ya ɗauke ta a 1968, a kakarsa ta biyu kacal, ya sake a 1970, ya kuma a 1973. A tsakanin nan North Adelaide, ƙarƙashin mai horarwa Mike Patterson, ta ci kofin jiha a 1971 da 1972, duka biyun a kan Port Adelaide. A 1973 ta kai wasan ƙarshe karo na uku a jere, Glenelg ta sha da ƙyar da tazarar maki bakwai.

Waɗanda suka gan shi suna wasa ba su cika tsayawa kan alƙaluma ba. Abin da suke maimaitawa shi ne natsuwarsa. Dogo ne, yana cafke ƙwallo a sama kamar an miƙo masa, yana bugu da kowace ƙafa, kuma duk inda aka ajiye shi, tsakiyar fili ko gaba, wasa kan juya ya bi ta wurinsa. A wasan da ake gwabza kafaɗa kamar wannan, samun mutumin da ba ya gaggawa kuma ba ya rama duka abu ne da ake daɗewa ana zancensa. Lambobin Magarey uku ɗin nan ma shaida ce ta hali, tun da mai yawan laifi ba ya samunsu.

Ƙungiyoyin Melbourne sun yi ta sintiri a kansa. An ruwaito cewa ya taɓa sa hannu a wata takarda da ke bai wa Carlton haƙƙin ɗaukarsa in har ya yanke shawarar ƙaura, ba don yana da niyyar tafiya ba, sai don sauran masu zawarci su shafa masa lafiya. Bai je ba. Takwaransa Russell Ebert na Port Adelaide, wanda ya ci lambar Magarey har sau huɗu, ya je North Melbourne ya yi kaka ɗaya a 1979 ya dawo. Malcolm Blight, wanda ya ci lambar a 1972, ya tafi ya zama babban tauraro a can. Robran ya ci gaba da zama a Prospect.

Wannan zaɓi yana da farashinsa. Wanda bai taka filayen Melbourne mako bayan mako ba, kullum akwai mai cewa ai ba a gwada shi da manya ba. Damar da ta rage masa ta rufe bakin masu wannan magana ita ce irin wasan da aka yi da Carlton, da kuma wasannin da jiha ke karawa da jiha, inda kowa ke sa rigar gasarsa. To a irin wannan wasan ne ƙaddara ta same shi. A 1974, yana jagorantar Kudancin Ostireliya a karawarta da Biktoriya a filin kurket na Sydney, ya yi karo da Leigh Matthews na Hawthorn, gwiwarsa ta lalace. Yana ɗan shekara 26 a lokacin, shekarun da ɗan wasa ke kan ganiyarsa. Aikin gwiwa a wancan zamani bai kai na yanzu ba, kuma Robran da ya dawo fili ba shi ne wanda ya fita ba. Ya ci gaba da lallaɓawa har 1980, ya haɗa da horar da ƙungiyar daga 1978, ba tare da ta sake ɗaukar kofi ba. Ya ajiye takalmi da wasa 201 a North Adelaide.

Shekara goma bayan haka duniyar da ya yi wasa a cikinta ta sauya. VFL ta faɗaɗa zuwa wasu jihohi, ta sauya suna zuwa AFL a 1990, ta zama gasar ƙasa. Adelaide ta samu ƙungiyarta a ciki a 1991, Port Adelaide ta bi sahu a 1997, sai SANFL ta koma mataki na biyu, wurin renon matasa da masu neman dawowa. Abin da ya fi ci wa mutanen Adelaide tuwo a ƙwarya shi ne yadda sabuwar gasar ta gaji kundin tarihin VFL a matsayin nata: kofunan Carlton na da suna cikin lissafi, na North Adelaide ba sa ciki. Wanda ya buɗe kundin AFL yana neman Robran zai tarar bai buga ko wasa ɗaya ba. Rashin adalci ne na masu rubuta tarihi, domin a 1972 babu wanda zai ce gasar Adelaide ta yara ce, Carlton ma shaida ce.

An ɗan gyara wannan ɓarna. Da aka buɗe zauren karrama gwarazan wasan a 1996, Robran yana cikin rukunin farko da aka shigar. A 2001 aka ɗaga shi zuwa mataki mafi girma na zauren, wanda mutane ƙalilan ke kaiwa, ya zama na farko da ya hau shi ba tare da ya taɓa buga VFL ko AFL ba. Leigh Matthews, wanda karo da shi ya gajarta masa zamani, yana kan wannan mataki tun kafin shi.

'Ya'yansa biyu, Matthew da Jonathon, duk sun buga gasar ƙasar da uban bai taɓa shiga ba. Matthew ya ɗauki kofin AFL sau biyu a jere, 1997 da 1998, da ƙungiyar Adelaide, a garin da mahaifinsa ya ƙi bari. Barrie Robran ya rasu a watan Yulin 2025 yana da shekara 77. Mutum-mutuminsa na tagulla yana tsaye a harabar filin Adelaide Oval, inda aka doke Carlton da maki ɗaya.