Ranar da Aka Ɗaga wa Nautilus Tuta

Jirgin yaƙi na ruwa biki biyu a kan yi masa. Na fari ran da aka tura shi cikin ruwa aka raɗa masa suna. Na biyu kuwa ran da maƙera suka sallama shi, sojan ruwa suka karɓe shi cikin rundunarsu. Jama'a sun fi ɗokin na fari don armashinsa, amma na biyun ya fi nauyi, gama daga ran nan ne rayukan mutanen jirgi ke komawa wuyan mutum guda.

Haka aka yi wa Nautilus, jirgin Amurka mai nitso a teku, wanda shi ne na fari a duniya da ke tafiya da ƙarfin nukiliya. A garin Groton aka ƙera shi, a bakin wani kogi wai shi Thames, takwaran na birnin Landan. Ran 21 ga Janairu 1954 uwargidan Shugaba Eisenhower ta fasa masa kwalba a goshi bisa al'adarsu, ya zame cikin kogi. Bikin karɓa kuwa sai ran 30 ga Satumba.

Wanda ya halarci irin wannan taro ba zai ga abin mamaki da ido ba. Sojoji su jeru a bayan jirgi, kyaftin ya fito ya karanta takardar da aka naɗa shi, a ɗaga tutar ƙasa, sa'an nan a ɗaga wata siririya mai tsawo, alamar jirgi ya shiga aikin gwamnati. Daga nan a sa masu gadin fari, ba a kuwa sāke barin jirgin ba gadi, dare da rana, har ran da zai yi ritaya. Kyaftin ɗin ran nan Eugene Wilkinson ne.

To, abin mamakin yana ciki, inda 'yan kallo ba su gani. Jiragen nitso na dā da man dizal suke aiki, shi kuwa inji mai cin mai ba ya tashi sai da iska, kamar dai wutar murhu. In sun nutse sai su koma kan batir, in batir ya yi sanyi tilas su taso, abokan gaba kuwa lokacin suke dako. Tukunyar Nautilus ba ta ƙona kome. Ƙwayoyin wani ma'adini da ake kira yuraniyam ne ke tsagewa a cikinta, zafinsu ya dafa ruwa, tururi ya juya farfela. Tun da ba wuta, ba bukatar iska.

Duk da bikin, jirgin bai motsa daga mashiga ba sai ran 17 ga Janairu 1955. Cikin watan Mayu ya tafi Fwato Riko, mil dubu da ɗari uku da ɗoriya, bai leƙo sama ba ko sau ɗaya. A 1958 ya ratsa ƙarƙashin ƙanƙarar da ta rufe ƙuryar arewacin duniya.

Amma teku ba ta san biki ba. Kowace ƙafa talatin da uku da jirgi ya ƙara nitsewa, ruwa na ƙara danna shi da nauyi kwatankwacin na dukan iskar da ke bisa kan mutum. Wani jirgin, Thresher, an ɗaga masa tuta a 1961 da irin wannan murna. Ran 10 ga Afrilu 1963 ya nutse wajen gwajin zurfi, da mutum 129 a ciki, ko ɗaya bai tsira ba. Bayan wannan ne sojan ruwan Amurka suka tsananta binciken kowane bututu da kowace walda kafin su yarda su karɓi jirgi.

Shi Nautilus an sauke tutarsa a 1980. Yana nan a Groton ɗaure a bakin kogi, masu ziyara na shiga suna kallo.