Ko Kun Sani?

Ko kun san sunayen ranar haihuwa da Bahaushe ke sa wa 'ya mace sun zama 'yan gida a arewacin Gana? Fataken goro da suka riƙa zuwa kasuwar Salaga daga Kano, kafin yaƙin basasar garin na 1892, suna cikin waɗanda suka yaɗa su. Yau daga Kpandai zuwa Yendi har Bawku, za ka ji ana kiran Lamisi, wato Lami, da Asibi, wato Asabe, da Lariba, ko a gidajen da ba Hausawa ba. Laadi Ayamba, 'yar majalisar Pusiga kusa da Bawku, sunan Ladi take ɗauke da shi.

Akwai kuma sunayen da suka fara ɓacewa. Delu ko Kande ita ce macen da ta biyo maza. Ajuji kuwa 'yar mai wabi ce, wadda ake ajiyewa a kan juji a ɗauko, don ta rayu. Dagomba ma suna da irinsa, Tampuli, ma'ana juji.

Mai neman sunan da ba kowa ke da shi ba, ya tambayi kakarsa tukuna.