Tukunyar matsin tururi: yadda take dafa baƙin wake cikin rabin awa

Busasshen wake yana cin gas. A tukunya ta yau da kullum, baƙin waken da ba a jiƙa ba kan shafe awa ɗaya da rabi zuwa biyu kafin ya nuna. Tukunyar matsin tururi kuwa tana gama wannan aiki cikin minti 25 zuwa 30. Ga ɗalibi ko gwauron da ke lissafin kowane kilon gas, wannan bambanci ba ƙarami ba ne.

Baƙin wake ɗan asalin nahiyar Amurka ne. Shi ne jigon abinci a Meksiko da Kuba, kuma da shi ake yin feijoada, shahararren abincin Burazil. Ba irinsa ɗaya da waken da Najeriya da Nijar suka yi fice wajen nomawa ba, kuma yakan fi shi jinkirin nuna.

Dabarar tukunyar tsohuwa ce. Wani Bafaranshe masanin kimiyya, Denis Papin, ya ƙera ta farko a 1679. A buɗaɗɗiyar tukunya ruwa ba ya wuce digiri 100, komai ƙarfin wutar. Idan aka rufe tururi ya rasa hanyar fita, matsi yakan ƙaru, sai zafin ruwan ya kai kusan digiri 120. Wannan ƙarin zafi ne ke saurin tausasa wake. Amfaninta ya fi fitowa a garuruwan kan tudu kamar babban birnin Meksiko, mai tsayin mita 2,240, inda ruwa ke tafasa tun bai kai digiri 100 ba.

Tukunyar iri biyu ce: ta ɗorawa kan gas, da ta lantarki irin Instant Pot, wadda ta fito daga Kanada a 2010. Ta lantarki tana kashe kanta idan lokaci ya cika, wasu samfuran ma ana sarrafa su da manhaja daga waya. Sai dai mai matsakaicin girma tana jan kusan wat 1,000, ƙarfin da ƙaramin janareta ba zai ɗauka ba. Inda wuta ba ta tsayawa, ta gas ta fi dacewa.

Girkin ba wuya. A tsince waken, a wanke, a zuba kofi uku na ruwa ga kowane kofi ɗaya na wake, tare da albasa da gishiri da cokalin mai. Lissafin lokaci yana farawa ne bayan matsi ya cika. Waken da ya kwana a jiƙe minti 10 ya ishe shi. Bayan an kashe wuta, a bar tukunyar kamar minti 15 zuwa 20 matsin ya sauka da kansa. Tumatir sai daga baya, domin tsami yana hana wake nuna. Kanwa kuma ba a buƙatarta.

Akwai ƙa'idojin da ba a wasa da su. Kada wake da ruwa su wuce rabin tukunya, saboda wake yana kumbura yana kumfa, kumfar kuma na iya toshe bawul; aikin cokalin man nan ke nan, rage kumfa. Kada a tilasta buɗe murfi alhali da sauran matsi, tururin yana ƙuna sosai. A riƙa duba robar murfi, idan ta tsage a sauya.

Sannan waken da bai nuna ba yana ɗauke da sinadarin lektin, mai jawo amai da gudawa. Idan an buɗe aka tarar da sauran tauri, kamar yadda tsohon wake kan yi, a mayar da murfi a ƙara minti 5.