Na Pali: Gaɓar da Mota Ba Ta Taɓa Shiga Ba

A arewa maso yammacin tsibirin Kauai, ɗaya daga tsibiran Hawai na ƙasar Amurka, akwai gaɓar teku mai tsawon kilomita kusan 27 da har yau ba a yi mata titi ba. Ana ce mata Na Pali. Duwatsunta sun miƙe tsaye daga cikin ruwa, wasu sun kai mita 1,200. Aman wuta ne ya gina tsibirin shekara miliyan biyar da suka wuce, daga nan ruwan sama da raƙuman teku suka yi ta sassaƙa shi har ya zama tsini-tsini da kwazazzabai da koguna.

Mai son gani yana iya hawa jirgin sama mai saukar ungulu, ko ya taka sawu ta turbar Kalalau mai kilomita 18. Amma yawancin baƙi jirgin ruwa suke shiga daga Port Allen, ko daga Hanalei idan teku ta kwanta. Daga Nuwamba zuwa Maris kuwa raƙuman ruwa daga arewacin tekun Fasifik sukan yi ƙarfin da matuƙa da dama ba sa kusantar wurin.

Inda jiragen suka fi son tsayawa shi ne Nualolo Kai, domin shingen murjani ya tare igiyar ruwa a can. Baƙo zai sa gilashin ido, ya cije bututun shaƙar iska, ya kwanta ruf da ciki a saman ruwa, ya ga garken kifaye masu launi da kunkuran teku suna kiwon gansakuka a ƙarƙashinsa. Ya ɗago kai, ga dutse ya rufe masa rabin sama. A gindin dutsen nan akwai kufan wani ƙauyen masunta da aka zauna ɗaruruwan shekaru, kuma a kwarin da ke sama mutanen sun noma gwaza, irin wadda muka sani, a gonaki masu hawa-hawa. Da tsani suke hawa da sauka tsakanin gona da teku.

Kyan wurin ya so ya zame masa masifa, don jama'a sun yi yawa. A Afrilun 2018 aka tafka ruwan sama na kusan milimita 1,260 cikin awa 24 a arewacin tsibirin, hanya ta yanke, turbar Kalalau ta rufe fiye da shekara guda. Da aka sake buɗewa a 2019, hukuma ta ƙayyade baƙi 900 a rana a gandun Haena, inda turbar ta fara, kuma sai da izini tun kafin zuwa. Wannan mataki ya yi daidai, ya ma daɗe da kamata.

Wasu dokokin sun biyo baya. Tun Janairun 2021 aka hana sayar da man kare fata daga rana mai ɗauke da sinadarai biyu da ke cutar da murjani. A shekarar ce kuma aka hana kusantar wani nau'in dabbar dolfin ƙasa da yadi 50, saboda da rana yake hutawa.

Haɗari ma yana nan. Bakin ruwan Hanakapiai, kilomita uku daga farkon turbar, ba shi da shingen murjani, igiyarsa ta janye mutane da dama zuwa tsakiyar teku. Shi ya sa mazauna tsibirin ke gargaɗin baƙo kada ya shiga ruwan nan ko da ya gan shi kwance.