Kafin Ka Danna Tauraro Ɗaya

A shekarar 1995 wani mai tsara manhajar kwamfuta, Pierre Omidyar, ya buɗe shafin gwanjo a Amurka, wanda daga baya ya zama eBay. Ba a je ko'ina ba ya ci karo da tambayar da kasuwar intanet ke fama da ita har gobe: ta yaya mutum zai tura kuɗinsa ga wanda bai taɓa gani ba? Masu ciniki suka dinga aiko masa da ƙorafin juna, shi kuwa ba alƙali ba ne. A farkon 1996 sai ya buɗe wani fili inda kowa zai rubuta yadda cinikinsa da wani ya kaya, ko yabo, ko suka, ko tsaka-tsaki. Irin wannan shaida ce muke gani yau a Amazon da Jumia da Jiji da Facebook Marketplace, galibi da taurari daga ɗaya zuwa biyar.

A Kantin Kwari, idan baƙo na son sanin halin mai shago, maƙwabtansa zai tambaya, ko dillali, kuma in an samu saɓani akwai shugabannin kasuwa da za su saurari kowane ɓangare. A intanet taurarin nan ne suka maye gurbin duk waɗannan, kuma kuɗi ne a zahiri. Paul Resnick na Jami'ar Michigan da abokan aikinsa sun gwada haka a wani bincike da aka wallafa a 2006. Sun sa wani tsohon ɗan kasuwa a eBay ya sayar da tsofaffin katunan aika saƙo ta gidan waya iri ɗaya, wasu da sunansa da aka sani, wasu da sababbin sunaye marasa tarihi. Masu saye sun biya kusan kashi 8 cikin ɗari ƙari ga sunan da ke da shaida.

Sai dai suka ɗaya ba nauyinta ɗaya ba a kan kowa. Kamfanin da aka yi wa shaida sau 1,000, in mutum ɗaya ya kushe shi, makinsa zai tsaya a kashi 99.9. Wanda aka yi wa shaida sau 10 kacal, suka ɗaya za ta mayar da shi kashi 90. A makaranta wannan maki ne na yabo, amma a eBay, inda bincike ya nuna kusan kashi 99 na shaidun da ake rubutawa yabo ne, mai kashi 90 kallon mara gaskiya ake yi masa. Babban ɗan kasuwa zai binne sukar da cinikin mako guda. Shi kuwa wanda ke sayar da abu jefi-jefi, tana iya zama a goshin shafinsa watanni.

Wane ne wannan mai sayarwa jefi-jefi? Ɗalibi ne da ya sa wayarsa a kasuwa don ya cike kuɗin makaranta. Matar aure ce da za ta sayar da keken ɗinkinta ta sayi na lantarki. Ba ta da ma'aikatan amsa waya, ba ta da kwalin kamfani, ba ta da motar kai kaya. A ce daga Zariya take, mai saye kuma yana Gombe. Ta naɗe keken da tsohon zani, ta sa a buhu, ta ɗaure da igiya, ta aiki ƙaninta tasha, aka rubuta lambar wayar mai karɓa a jikin buhun da alƙalamin maka. Motar ba ta cika ba sai washegari, a hanya kuma ta lalace. Keken ya isa lafiya bayan kwana uku, yana ɗinki kamar yadda ta faɗa. Mai saye ya dangwala mata tauraro ɗaya, ya rubuta: "Ba su da cika alkawari." Wace ƙarya ta yi masa? Ya auna ta ne da ma'aunin kamfani, alhali don kayanta sun fi na kamfani araha ya zo wurinta.

Ƙarfin da ke hannun mai saye yana da tarihi. Da farko a eBay kowane ɓangare na iya kushe ɗaya, sai wasu masu sayarwa suka mayar da abin ramuwar gayya: ka soke ni, in soke ka. Masu saye da yawa suka gwammace yin shiru ko da an cuce su. A 2008 kamfanin ya hana masu sayarwa rubuta suka a kan masu saye. An magance wata cuta, amma rinjaye ya koma gefe guda, har aka samu masu cewa, "Ka rage mini kuɗi, in ba haka ba ka ga abin da zan rubuta." Dokokin eBay sun haramta irin wannan barazana, amma ƙaramin mai sayarwa sau da yawa yakan sallama don ya tsira da sunansa.

A wajenmu, ciniki mai yawa a WhatsApp da Instagram ake yinsa, inda babu taurari. Abin da ke tsayawa a madadinsu ya fi zafi: a ɗauki hoton hirar, a haɗa da hoton mutum, a wallafa da kalmar "ɗan damfara". Kafin ya buɗe baki, surukansa sun gani.

Wannan ba kira ba ne a rufa wa macuci asiri. Damfara a intanet gaskiya ce, kuma wanda ya yi shiru bayan an sayar masa da waya mai mataccen batiri a matsayin lafiyayya, ya miƙa na bayansa ga macucin. Yabon jin kunya ma ɓata shaida yake yi. Shaidar mai saye mudu ce da jama'a za su yi awo da ita, tauye ta laifi ne, cika ta da ƙaiƙayi ma laifi ne.

Adalci shi ne a rarrabe abu uku. Akwai ha'inci, wato a ɓoye aibi da gangan, ko a karɓi kuɗi a kashe waya. Wannan ya cancanci suka a fili da kai ƙara ga masu shafin. Akwai kuskure, kamar a turo launin da ba shi aka zaɓa ba, a nan saƙo ɗaya yakan wadatar: "Hajiya, barka da yamma. Kaya sun iso, amma shuɗi na gani maimakon kore. Yaya za mu yi?" Yadda ta amsa shi ne halinta na gaskiya, kuma shi ya kamata a yi shaida a kai. Sannan akwai abin da ba a hannunta yake ba, kamar jinkirin direba, ko mai saye da bai karanta cewa kayan na hannu ne ba.

Mai sayarwa ma da nasa. Ya ɗauki hoton tsagewar gilashin da kansa, ya faɗi shekarun da kayan suka yi a hannunsa, ya bayyana wa zai biya kuɗin mota da ranar da zai kai tasha. Aibin da aka faɗa kafin ciniki ba ya zama abin ƙorafi bayansa.

Idan kuwa za ka yi suka, rubuta abin da ya faru dalla-dalla: me aka ce za a ba ka, me ka samu, me aka ce da ka yi magana. Mai karatu zai yanke hukunci da kansa, wanda ka soka kuma zai san abin da zai gyara ko ya kare kansa a kai.