Lakwal ɗin Nasara a Adar: abin da ya faru da abin da aka ƙara wa gishiri

A majalisun Madawa da Buza da Keita akan ji ana cewa Faransawa sun bar mana lise a kowane babban gari, mu ne muka lalata. Wannan ba gaskiya ba ne. Ko lise ɗaya ba su gina a waɗannan garuruwa ba. Yaron da ya yi fice a lakwal ɗin gari sai ya bar gida, in ya ci jarrabawa a tura shi Yamai, daga nan ƴan ƙalilan su wuce makarantar William Ponty a Senegal, wadda ta tashi daga tsibirin Gore zuwa Sebikotan a 1938. Ranar samun ƴancin kai a 1960, yaran Nijar da ke makaranta ba su kai biyar cikin ɗari ba.

Batun cewa ƴaƴan sarakai kaɗai aka ɗauka, da gaskiya a ciki, amma rabi. Kwamanda ɗan sarki yake nema, don gobe ya samu hakimi mai jin Faransanci. Sarakai da yawa kuwa ba su yarda da abin ba. Sai a ɓoye ɗan ciki a garke ko wajen malamin allo, a miƙa wa dogari ɗan bara ko maraya. Bayan shekaru yaron ya dawo da wando da takalmi, shi ne mushe mai koyarwa a lakwal, shi ne tafinta, wanda sarki ba ya isa gaban kwamanda sai ta bakinsa. Ai wasu gidajen har yau ba sa son a tuna musu.

Tsoron da iyaye suka yi na a mai da yara Kirista ya haɗa abu biyu da ba ɗaya ba. A lokacin, lakwal ɗin gwamnati ba ya koyar da addini. Mishan daban take, kamar SIM da ta buɗe asibitin Galmi a 1950.

Cewa mutanen yammacin Nijar sun fi cin gajiyar karatun, wannan kam haka ne. Diori Hamani da Djibo Bakary ƴan Sudure ne, Boubou Hama ɗan yankin Tera, dukkansu Ponty suka yi. Bayan da aka ɗauke babban birni daga Damagaram zuwa Yamai a 1926, babbar makaranta ta gaba da firamare ta zauna can a bakin kogi, ɗan Keita kuwa sai ya yi tafiyar kwanaki kafin ya ga ƙofarta.